Dakta Falmata da Jinin da Aka Ba Ta Aro

Ina cikin wata rumfa a bakin kasuwar Maijirgi, da allura a hannuna da damtsen wani dattijo a gabana, wayata ta yi ƙara. Mushe Isufu ne, mijin Dakta Falmata (Mushe laƙabi ne na 'yan boko a wurinmu, kamar a ce Malam). Bai ja magana ba, ya ce, "Lawali, Dakta ta cika." Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, dattijon ya maimaita tare da ni tun bai san wanda ya rasu ba. Da na faɗa masa, sai ya janye hannunsa a hankali, ya sauke hannun rigarsa, ya ce to yau babu ɗibar jini ke nan. A lokacin na ɗauka ladabi ne kawai yake yi wa mamaciya. Daga baya na gane cewa ita yake ba jininsa, ba ni ba, ba kuma gidan likita ba.

Zazzaɓin sauro ne ya ɗauke ta, a ƙarshen daminar nan, gero ya fara nuna. Ta kwanta 'yan kwanaki tana cewa gajiya ce, kafin a ankara ya hau mata kai. Har yanzu abin yana ci mini rai, a ce matar da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana sauraron bugun zuciyar mutane sauro ne sanadinta. Amma Mai ita ya karɓi abarsa, ba mu da ta cewa. Aka yi mata sutura a Tasawa, mutane suka cika layin gidan har bakin titi, masu rawani da masu malfa da masu farar rigar likita.

Ni ɗalibinta ne. Ta same ni ina ƙaramin ma'aikacin labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, wanda bai iya komai ba sai duba ƙwayar zazzaɓi a madubi, ta ja ni a jiki, ta koya mini aiki da faɗa da haƙuri, faɗan ya fi yawa. Ban yi niyyar rubuta komai a kanta ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata magana ce da na ji a wurin zaman makoki, daga bakin masu ilimi kuwa. Suna cewa ƙasa-ƙasa, Allah sarki Falmata, ta wahalar da kanta a daji, har ta koma ga Allah ba ta gano komai ba. Ranar na haɗiye saboda darajar tabarmar da muke kai. Yau ba zan haɗiye ba.

Akwai kuma abin da ta bari. A ƙaramin ɗakin da muke aiki a Tasawa akwai firigo biyu masu daskarar da abu, da hasken rana suke aiki, cike da ruwan jinin mutanen Tasawa da Mayahi wanda muka yi shekaru muna tarawa. Duk aikin rayuwarta yana cikinsu. Tana rasuwa sai tambaya ta tashi wadda ba wanda ya isa ya yi tana raye: jinin nan na wane ne, kuma ina za shi? Kafin in faɗi yadda aka ƙare, sai na faɗi yadda aka fara.

A ƙasarmu mutum yakan tashi lafiya, ya yi sallah, ya kora dabbobi ko ya ɗauki hauya, rana ba ta yi tsaka ba a ce ya faɗi. Wasu su ce jifa ne, wasu su ce ajali ne kawai, a binne shi kafin la'asar. Manyan likitoci kuwa da yawansu sun daɗe suna cewa toshewar jijiyoyin zuciya ciwon masu tumbi ne, na 'yan biro, ma'aikatan ofis da ke yini a kujera. Dakta Falmata ba ta yarda ba. Ta ce zuciya ma tsoka ce, tana da ƙananan jijiyoyin da ke kai mata abinci, kuma in suka ƙuntata ba ruwansu da ko mai su minista ne ko makiyayi. Ta ce bambancin kawai shi ne minista yana da mai duba shi. Da wannan magana ta bar kujerarta a Yamai ta dawo Tasawa, abokan karatunta suna mata kallon wadda ta samu taɓi.

Wahalar farko da ta tarar ba ta kayan aiki ba ce, ta baki ce. Likitan zuciya da tambaya yake farawa: ina ke maka ciwo, tun yaushe, in ka yi tafiya ƙirjinka yana nauyi? To je ka yi wa Bafillacen Isawan wannan tambaya. Za ka ga mutum gumi na tsattsafo masa, leɓensa ya yi fari, ya dafe ƙirji da sanda, ka tambaye shi ya ce lafiya lau. Filako ne, wato kunyar nan tasu da ke hana namiji ya ce wash a gaban mutane, balle a gaban mace. Buzayen Mairairai ma ba su fi su ba, sai dai su ƙara jan rawani su rufe baki. Tana da wata 'yar na'ura ta hoton zuciya, wadda ake gogawa a ƙirji a ga yadda zuciya ke matsawa tana saki, amma na'ura ɗaya ce, mai karanta ta ma ɗaya, ƙasar kuwa faɗi gare ta.

Shi ya sa ta koma ga jini. Yadda ta koya mini, kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana aiki da saƙonni da take aika wa kanta, kuma akwai wasu gutsattsarin saƙo ƙanana ƙwarai da ake kira mikro-ARN, waɗanda aikinsu su ce wa ƙwaya rage wannan, dakata da wancan. Wasunsu sukan fita su bi jini, kuma ba sa saurin lalacewa. In tsokar zuciya ta wahala, akwai irin waɗanda take zubarwa su yi yawa a jini, akwai kuma waɗanda kan ragu in bangon jijiya ya lalace. Burinta shi ne ta auna su, ta gwada da abin da na'urar hoto ta nuna, ta ga ko wata rana ɗan jini kaɗan zai iya faɗin ƙarfin zuciyar mutum tun bai faɗi ba. Takan ce, "Bakin Bafillace ya iya ƙarya, amma jininshi bai shiga wannan lakwal ya koya ba." A gabansu take faɗa, su yi ta dariya.

Masu cewa ba ta gano komai ba, bari in ba su nasu. Gaskiya ne har yau babu likitan da zai ɗebi jininka ya dubi mikro-ARN ya ce maka ga halin zuciyarka, ba nan ba, ba kuma a ƙasashen da suka fi mu kayan aiki ba. Ita ce ta fi kowa faɗin haka. Ban san sau nawa na ji ta ce ba mu sani ba tukuna, har yaran unguwa suna kwaikwayonta. Amma ta lura da abin da su ba su lura da shi ba. Mafi yawan binciken da aka yi, a kan jinin wasu mutane aka yi shi, masu wani abinci da wani yanayi. Namu jinin ya sha zazzaɓin sauro tun yarinta, akwai sikila a wasu gidaje, ga zafin rana da ƙishirwa. Ta ce in ba mu auna namu da kanmu ba, ranar da awon ya fito za a kawo mana ma'aunin da ba a yanka don mu ba.

A wurin aiki ba ta da wasa ko kaɗan. Shekarar farko mun kwaso jini daga Mairairai a kan moto, wato babur, muka sha rairayi da gargada, da muka iso muka tace sai ruwan jinin ya fito da ɗan ja-ja maimakon rawaya. Ta ɗaga kwalba ɗaya a hasken taga, ta ce duka sun tashi aiki. Girgiza ta fasa jajayen ƙwayoyin jini, su kuma suna da nasu mikro-ARN, sun zuba sun gauraye da na zuciya. Muka roƙe ta, muka ce wahalar yini guda ce, ja-jan ma kaɗan ne. Ko gezau. Daga ranar ta daina kawo jini wurin injin tacewa, ta koma kai injin wurin jini. Mukan ɗora shi a amalanken jaki tare da batir da faifan rana, mu bi shi a ƙasa har ruga, a ɗebi jini a tace nan take a ƙarƙashin aduwa. An taɓa yi mata kyautar kwali-kwali na kwalaben ɗibar jini masu koren marfi, ta mayar da su da godiya, ta ce maganin da ke cikinsu yana ɓata irin awon da take yi. Wanda ya yi kyautar bai ƙara gaishe ta ba, ita kuwa ko a jikinta.

Amma duk wannan da ya tashi a banza in da mutane sun ƙi ba da jini, kuma da farko sun ƙi. A rijiyar Isawan muka sami Arɗo Juli, shugaban makiyayan wannan yanki, dogon tsoho mai ƙarancin magana. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce su ba sa sayar da jini, ba sa kuma kyautarsa. Abin da ya fita daga jikin mutum binne shi ake yi, ko wanzami in ya yi ƙaho ba ya barin jinin a fili. Ni na riga na fara naɗe kaya. Abin da na manta shi ne Dakta Babarbariya ce, kakanninta daga gabas suka zo, kuma tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa tun na kakanni, wanda ba a fushi da shi. Sai kawai ta gyara zama ta ce masa ita dama ta sani, bayinta Fulani tsoron allura gare su, mutum ya iya tarar zaki da sanda amma ya ga ɗan tsinke sai ya tuna da al'ada. Tsohon ya dube ta, ya dube ta, sai ya fashe da dariya har rawaninsa ya kwance, ya ce yau ga baiwar gidansu ta yi karatu ta dawo tana zagin iyayen gijinta.

Ranar ba a ɗebi jini ba. Sai da muka koma bayan ya yi shawara da mutanensa, ya ce sun sami hanya. Ba sayarwa, ba kyauta, amma za su ba ta habbanaye. Ga wanda bai sani ba, habbanaye ita ce Bafillace ya ɗaure wa amininsa karsana aro. Amini ya riƙe ta, ya sha nononta, in ta haihu 'ya'yan nasa ne, amma uwar tana komawa ga mai ita. Ba a sayar da saniyar habbanaye, ba a yanka ta, ba a miƙa ta ga wani na uku, kuma ana kula da ita fiye da ta gida. In wanda aka ɗaure wa ya rasu, aro ya ƙare, mai saniya ya zo ya kwance abarsa. Arɗo ya ce haka jininsu zai zama a hannunta. Duk ilimin da ya haifa nata ne, ta kai shi duk inda take so. Amma jinin kansa ba zai bar ƙasar nan ba, ba zai shiga hannun wanda ba su sani ba, kuma in aiki ya ƙare ko ita ta ƙare, zai dawo a binne shi. Ta ce ta karɓa, aka shafa fatiha. Da labari ya bazu, manoman Maijirgi da Buzayen Mairairai ma suka ce su ma a kan wannan sharaɗi za su bayar, ko da yake ba al'adarsu ba ce.

Ta riƙe alkawarin nan riƙon da har yana ba mu haushi. In an tace jini, ruwan sama kaɗai muke ɗauka, jan da ya kwanta a ƙasa ta miƙa wa mai shi nan take ya je ya tona rami ya binne. Ɗan abin da za a auna a Yamai ita da kanta take kai shi, akwatin sanyi a kan cinyarta a cikin mota, ba ta yarda a sa shi a but. Kowace shekara bayan an cire amfanin gona takan koma rijiya ta tara mutane ta gaya musu abin da jininsu ya haifa. Shekarar da bai haifi komai ba ma takan je, ta ce bana saniya ba ta ɗauka ba. Sau da yawa abokan aikinta na waje sun nemi a aika musu da jinin, suna da injunan da ba mu da su, ta ce su aiko da injin ko su aiko da mai koya mana.

Wanda ya fi tsaya mata a rai shi ne Sambo, wani makiyayi na rugar Arɗo, mijin Inna Dudu. Yana cikin na farko da suka miƙa hannu, kuma bai taɓa fashi ba. Na'urar hoto ta nuna zuciyarsa tana raguwa da ƙarfi daga shekara zuwa shekara. Ta gaya masa, ta ba shi magani, ta hana shi jan guga, ta zage shi irin zagin da Babarbariya kaɗai za ta yi ta kwana lafiya. Kullum amsarsa lafiya lau. Wani rani ya faɗi a bakin rijiya da igiya a hannunsa. Ban taɓa ganin ta yi kuka a gaban mutane ba sai ranar ta'aziyyarsa, kuma kukan nata rabi fushi ne. Da ta jera sakamakon jininsa na shekarun baya, ta ga wasu mikro-ARN sun fara sauyawa tun kafin hoton ya nuna wani abin kirki. Ni na yi ta murna, na ce mun samu. Ta ce in zauna. Ta ce, "Mutum guda ba hujja ba ne, Lawali. Amma mutum ne." Ta mayar da ragowar kwalabensa can ƙasan firigo, ta ce sai an sami awon da ya fi wannan kyau za a taɓa su.

Bayan rasuwarta da 'yan makonni wani Farfesa ya zo daga Yamai, shi ne babba a kan aikin. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma ba zan ce mugu ne ba, don ba mugu ba ne. Tare suka yi karatu, na ga hawayensa a kan kabarinta. Ya kira ni ɗakin aiki ya ce masu ɗaukar nauyin aikin za su rufe shi, tunda mai shi ba ta. In an rufe, ba mai canza batir, ba mai gyaran firigo, jinin zai narke ya lalace. Amma akwai wani babban labo a ƙasar waje da ya yarda ya karɓi komai, a auna da injunan zamani, a fitar da sakamako da sunanta a sama. Ni ma an yi mini wurin ƙaro karatu a can. Na gaya masa zancen habbanaye. Ya ce ya sani, ta sha ba shi labari, amma ai lamba ce a jikin kwalaben ba suna ba, ba wanda zai cutu.

Ya ce, "Bon, Lawali, ka yi tunani. So kake wahalarta ta tahi cikin rami?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba nata ba ne balle in bayar. Aro ne."

Ya ce to in haka ne ni na kashe aikin da hannuna. Maganar ta soke ni, don akwai gaskiya a cikinta, kuma karatun nan na daɗe ina mafarkinsa. Amma na zauna a rijiyar nan ranar da aka shafa fatiha, na ga fuskokin mutanen. Na ce masa mabuɗi yana aljihuna, kuma ba mai fitar da kwalba ɗaya sai masu ita sun zo. In hukuma ta ga dama ta kore ni, ta kore ni. Washegari na hau moto na tafi Isawan na sanar da Arɗo, kamar yadda ake sanar da mai saniya.

Suka zo ranar kasuwar Tasawa, maza da 'yan mata tsofaffi, suka zauna a inuwar katangar ɗakinmu. Farfesa ma ya dawo, kuma na yaba masa, da bakinsa ya yi musu bayani bai ɓoye komai ba. A raina ina fata Arɗo zai ce a bar jinin a hannuna. Bai ce ba. Ya yi wa Dakta addu'a mai tsawo, ya gode wa Farfesa, sannan ya ce da Falmata suka ƙulla, Falmata kuwa ta tafi. Ƙasar waje ba su san ta ba. Ni kuma sun san ni yaron kirki ne, amma ba ni aka ɗaure wa ba. Ya ce sun zo kwance abinsu.

Na tashi na buɗe firigo. Dama ruga-ruga Dakta ta jera akwatunan, kowa da nasa. Na riƙa fitowa da su ina miƙawa, sanyi yana cin yatsuna, su kuma suna karɓa da hannu biyu suna sawa a ƙwarya suna rufewa da ƙyalle. Shekarun da muka yi muna bin amalanke a rana na ga suna fita ta ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Farfesa ya juya baya ya tsaya yana kallon bango. Ban ji haushin kowa ba, amma na ji zafin da ban ji ba ko a ranar jana'iza.

Da na zo kan akwatin Sambo na kira Inna Dudu. Ta taso da kyar, ta zo har bakin firigo, amma ba ta miƙo ƙwaryarta ba. Ta tambaye ni ko gaskiya ne abin da Dakta ta taɓa gaya mata, cewa jinin mijinta ya fara nuna wani abu amma ba a gama ganinsa ba. Na ce gaskiya ne. Arɗo ya yi mata magana da Fillanci daga inda yake zaune, da alama cewa yake jinin mamaci ya fi kowane cancantar ƙasa. Ta amsa masa da Hausa, don kowa ya ji.

"Arɗo, ni ban ga inda anka kwance saniya da ciki ba. Wanga jini bai haihu ba tukuna."

Ba a saba mace ta mayar wa Arɗo da magana a gaban maza ba, balle a gaban baƙi. Ta kwance wata 'yar igiyar kaba daga bakin ƙwaryarta, ta ɗaura a jikin akwatin, ta ɗora hannuna a kai. Ta ce yanzu ni ta ɗaure wa, da sharaɗin da aka yi wa Dakta, ba ragi ba ƙari. Ba zai ƙetare ba, ba zai shiga hannun wani ba, in na ga zan kasa in maido mata da hannuna. Sannan ta yi ƙasa da murya.

"Ɗana, ɗiyana maza ukku suna can bayan shanu. Duk halin ubansu gare su. Ko suna mutuwa lahiya lau za su ce maka. Ka yi sauri."

Ba zan ƙara gishiri ba. Ba kowa ya bi ta ba. Mafi yawan mutanen Isawan sun tafi da nasu, Arɗo ma ya tafi da nasa, an binne su a ranar. Wasu kaɗan suka mayar da ƙwaryarsu suka ce in riƙe, daga baya wasu daga Maijirgi da Mairairai suka aiko da irin wannan saƙo. Da Arɗo zai tafi ya tsaya ya ce mini ni ba Babarbare ba ne, ba ni da bakin zaginsu, amma in zo rijiya in shanu sun sauko, a zauna a gani. Firigo guda ya isa abin da ya rage, har da sauran wuri. An rufe aikin kamar yadda Farfesa ya faɗa, karatun waje ma ya bi ruwa. Mushe Isufu ya ce in kawo firigon zaurensa a haɗa da faifan rana na gidansu, can yake yanzu. Farfesa kuwa, bayan ya huce, ya bugo ya ce zai nema mini hanyar yin awon a Yamai, ko da kaɗan-kaɗan ne.

To masu cewa ta wahala a banza, ga amsata. Ban san ko mikro-ARN za su zama awon da take mafarki ba, mai yiwuwa su zama, mai yiwuwa wani abu ne daban zai zama. Amma na san akwai mutanen da ke raye yau suna shan magani saboda ta bi su har ruga ta ɗora musu na'ura a ƙirji. Na san kuma a ƙasar da ake cewa mutane ba sa yarda da likita, tsohuwa ta saɓa wa shugabanta don a ci gaba da bincike. Ba zan rufe firigon nan ba, ba kuma zan sayar da amanar da ke ciki ba, ko wa zai ji haushi. Akwai maza uku a bayan shanu da uwarsu ta ce in yi sauri.

Ya Allah, ga baiwarka Falmata ta zo maka. An ba ta amana ta riƙe har numfashinta na ƙarshe, Ka riƙe ta da rahamarka. Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata mata kabarinta, Ka sanya wahalar da ta sha a rana ta zame mata inuwa ranar da babu wata inuwa sai Taka. Ka jiƙan Sambo da duk waɗanda suka faɗi ba a san ciwonsu ba. Ka ba Mushe Isufu haƙuri, Ka raya 'ya'yan da ta bari, Ka shirya su, Ka sanyaya zuciyar mahaifiyarta da ta ga wannan rana da tsufanta. Ni kuma da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfina, Ka ba ni ikon mayar da shi ga masu shi ba tare da kunya ba. In tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.